Motar Beljiyam: Abin da Takardar Tarihinta ke Faɗa da Inda Take Yin Shiru

Duk yaron da ya taɓa raka mahaifinsa kasuwar Ɗambatta sayen sa, ya san ba a ƙirga kuɗi sai an buɗe bakin dabbar an dubi haƙora. Mai sa yana iya rantsewa cewa shekarunsa uku, dillali ya mara masa baya, amma haƙori ba ya cin la'ada. Daga nan sai a ja san a ga ko yana ɗingishi, a shafa wuyansa a ji irin cin da garma ta yi masa, sa'an nan a tambayi garin da aka koro shi daga can, don gudun sayen kayan sata. Wannan ilmi ne da manoman arewacin Kano suka gada kaka da kakanni.

To, amma a yau babbar kadarar da magidanci ke harin saye bayan kaka a Bichi, ko Makoɗa, ko Minjibir, ko Dawakin Tofa, sau da yawa mota ce. Ƙasar nan gonaki ne manne da juna, babu saura babu daji, har masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi dogon nazari a kanta tun daga shekarun 1960, zamanin da jakuna ke kai itace birni su komo da taki. Aikin da jakunan nan suka yi, yanzu Golf da Sharan da Hiace da a-kori-kura ke yin galibinsa: su ke kai gero da wake da riɗi kasuwar Dawanau, su kwashe tumatir da albasa daga fadamun Watari da Tomas, su kuma kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Kuɗin motar kuwa daga shanun da aka yi kiwo suke fitowa, ko adashi, wani lokaci ma har da jinginar gona. Idan injin ya buga bayan wata uku, ba mota kaɗai aka rasa ba.

Mota ba ta da haƙora. Amma tana da abin da ya yi kama da su, watau wata lamba da aka buga a jikinta tun daga masana'anta, da kuma bayanan da aka riƙa rubutawa a kan wannan lamba a ƙasar da motar ta fito. Waɗannan bayanai su ake tattarawa a kira su takardar tarihin mota.

Daga ina motocin ke zuwa?

A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Legas, har ya zamana ma'aikacin gwamnati na iya karɓar bashin mota ya fito da sabuwa fil. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar Naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari mai albashi, sai 'yan kasuwa suka juya ga tsofaffin motocin Turai. A birnin Brussels akwai unguwar Heyvaert, inda ake tara irin waɗannan motoci daga Jamus da Faransa da Holan da sauransu, a loda su a jirgin ruwa a Antwerp zuwa Kwatano. Dalili ke nan da ya sa har gobe ake ce wa motar da aka yi amfani da ita a waje 'yar Beljiyam, ko da kuwa ba ta taɓa taka ƙasar ba. Yarbawa su kuma suna ce mata tokumbo. Da yawa daga cikinsu sukan ratso Nijar su shigo ta iyakokin Katsina da Jigawa, kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan tudu daga ranar 1 ga Janairun 2017.

Daga baya Amurka da Kanada suka zama babbar mahaƙa. Can akwai manyan kamfanonin gwanjo irin su Copart da IAA, waɗanda ke sayar da motocin da kamfanonin inshora suka karɓe bayan haɗari ko ambaliya. Dila yana zaune a Kano ko Legas zai yi tayi ta intanet, motar ta sauka a tashar Tin Can. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a Oktoban 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo.

Gurbi goma sha bakwai

Lambar da makanikai ke kira lambar casis, a takardun waje VIN ake rubuta ta. Tun daga motocin 1981 hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, ta wajabta tsari ɗaya: gurbi 17 na haruffa da alƙaluma, ba a sa harafin I da O da Q a ciki don kada a rikita su da 1 da 0. Ana samunta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kan wata takarda da aka manna a ginshiƙin ƙofar direba, kuma a motoci da dama an buga ta a kan ƙarfen jikin motar, a ɗakin inji ko ƙarƙashin kujerar gaba.

Gurbi uku na farko suna faɗin ƙasar da aka ƙera motar da kamfanin da ya ƙera ta. In ta fara da 1 ko 4 ko 5, ƙirar Amurka ce. 2 Kanada, 3 Meziko, J Japan, K Koriya, W Jamus. WVW na nufin Volkswagen ta Jamus, VF3 kuwa Peugeot ta Faransa. Gurbi na 4 zuwa na 8 suna bayyana samfurin motar da irin injinta. Na 10 shi ne shekarar ƙira: Y ita ce 2000, alƙaluma 1 zuwa 9 su ne 2001 zuwa 2009, daga nan A ta zama 2010, B 2011, haka har L ta zama 2020. Na 11 masana'anta ce, shida na ƙarshe kuma lambar motar ce a jerin 'yan uwanta. Da wannan kaɗai ɗalibin sakandare zai iya kama ƙaryar da ta fi yawa a kasuwa, wato a sauya wa motar 2005 fitilu da bamba a ce ta 2008 ce.

Gurbi na 9 shi ne mai daɗin nazari, domin mai gadin sauran ne, kuma lissafi ne da malami zai iya kaiwa aji. Da farko ana mai da kowane harafi alƙalami. A zuwa H su ne 1 zuwa 8. J zuwa N su ne 1 zuwa 5. P ita ce 7, R ita ce 9, S zuwa Z kuma su ne 2 zuwa 9. Sa'an nan kowane gurbi yana da nauyinsa, daga na farko zuwa na ƙarshe kamar haka: 8, 7, 6, 5, 4, 3, 2, 10, 0, 9, 8, 7, 6, 5, 4, 3, 2. Sai a ninka darajar kowane gurbi da nauyinsa, a tara duka, a raba da 11. Abin da ya yi saura shi ya kamata a gani a gurbi na 9, in kuwa sauran 10 ne sai a rubuta X.

Ga lambar da aka shirya don darasi, bisa tsarin Toyota Corolla ƙirar Kanada: 2T1BR32E55C400125. Ninkin gurabenta ya ba da 16, 21, 6, 10, 36, 9, 4, 50, 0, 45, 24, 28, 0, 0, 4, 6, 10. Jimillarsu 269. In an raba 269 da 11 za a sami 24, saura 5, kuma 5 ɗin ce zaune a gurbi na 9. Lamba ta inganta. Yanzu a ce wani ya kankare 5 ta gurbi na 10 ya buga 8 don ya ƙara wa motar ƙuruciya. Maimakon 45 sai a sami 72, jimilla ta koma 296, saura 10. Ashe X ya kamata a gani, ga shi kuwa 5 ce. Asiri ya tonu da fensir da takarda.

An zaɓi 11 ne saboda ba ta rabuwa da kowace lamba sai 1 da ita kanta, don haka duk alƙalami ɗaya da aka sauya da wani dabam dole sauran rabon ya sauya. Sai dai mai gadin nan yana da inda yake gyangyaɗi. A da 1 darajarsu ɗaya, saboda haka in aka mai da motar 2001 ta 2010 lissafin ba zai nuna ba. Nan sai a dubi gurbi na 7, wanda a ƙananan motocin kasuwar Amurka alƙalami ne kafin 2010, harafi ne daga 2010. Har ila yau, doka ba ta ɗora wa motocin kasuwar Turai wannan lissafi ba. Golf ɗin da lambarta ta fara da WVWZZZ ba za ta ci wannan jarrabawa ba, kuma faɗuwarta ba aibu ba ne.

Wa ke rubuta tarihin?

A Amurka kusan duk inda mota ta tsaya a hukumance akan rubuta lambarta da kwanan wata da abin da maleji ya nuna: ofishin rajista na jiha, kamfanin inshora, filin gwanjo, wurin gwajin hayaƙi, da garejoji masu yawa. A 1984 aka kafa kamfanin Carfax a jihar Mizuri don tattara irin waɗannan bayanai, da fari domin kama masu juya maleji, kuma da na'urar fakis yake aika wa diloli sakamako, inda sunan ya samo asali. AutoCheck na kamfanin Experian shi ma aikin da yake yi ke nan. Gwamnati kuma tana da nata rumbun, NMVTIS, wanda dokar hana satar motoci ta 1992 ta samar, aka buɗe shi ga jama'a a 2009, inda doka ta tilasta wa kamfanonin inshora da masu gwanjon ɓaraguzan motoci kai rahoto. Waɗannan duka biya ake yi, da dala. Akwai biyu na kyauta: VINCheck na ƙungiyar NICB, mai nuna ko an ba da rahoton sata ko asarar motar ga kamfanonin inshorar da ke cikin ƙungiyar, da shafin NHTSA mai nuna ko masana'anta ta yi kiran a maido da motar don gyaran wani lahani.

Akwai wata dabara da ba ta cin ko kwabo in ban da kuɗin data. A rubuta lambar kamar yadda take a mashigar bincike ta intanet. In motar ta bi ta gwanjo, sau da yawa hotunanta na ranar gwanjon za su fito, da gaban a murƙushe ko laka har kujera. Gani ya kori ji.

Takardar da dila ya miƙo a buge kuwa, a karɓe ta da hannu biyu, amma kada a dogara da ita. Gyara rubutu a kwamfuta ba wuya, kuma ana iya miƙo sahihiyar takardar wata mota mai kama da wannan. Abin da ya fi shi ne mai saye ya kwafo lambar da hannunsa daga jikin motar, daga wurare biyu ko uku, ya tabbata sun zo ɗaya, sa'an nan ya nemo rahoton da kansa. A ƙauye wannan aiki yakan faɗa kan malamin makaranta ko ɗalibin da ke da waya mai intanet, domin rahoton da Turanci yake zuwa, Turancin ma na 'yan inshora.

Kalmar da ke tsorata mutane

Kalmar da ta fi tayar da hankali a rahoton ita ce Salvage, wadda ke nufin kamfanin inshora ya ga gyaran motar bai cancanci kuɗinsa ba, ya biya mai ita ya karɓe ta. A lura, wannan hukunci ne na aljihu kafin ya zama na injiniya. Jihohi da yawa, ciki har da New York, sun sa iyaka a kashi 75 cikin ɗari na darajar mota. Fulorida 80, Teksas 100. A ce tsohuwar mota darajarta dala 4,000, aka buge ta a ƙofa da fanda, gareji ya yi kiyasin dala 3,200 saboda tsadar ladan ma'aikaci a can. Kashi 80 ke nan, sai a buga mata hatimi, alhali mai gyaran bodi a Ƙofar Ruwa zai gama da ita cikin kwana uku. Haka motar da ƙanƙara ta lotsa wa rufi, ko wadda aka sace aka gano bayan an riga an biya mai ita. Irin waɗannan ba laifi a saye su, muddin farashin ya nuna tarihinsu. Cutar ita ce a saye su da kuɗin wadda ba ta taɓa haɗari ba.

Abin tambaya shi ne ina aka bugu, kuma yaya zurfin bugun. In rahoton ya ambaci lahani a ƙashin motar, ko ya ce jakunkunan iska sun fashe, magana ta sauya. An ƙera gaban motar zamani ne ya lanƙwashe daki-daki in an yi karo, don ya tsawaita lokacin tsayawa. Ɗaliban fiziks sun san cewa in lokacin tsayawa ya ninku biyu, matsakaicin ƙarfin bugun da ke isa ga fasinja ya ragu da rabi. Ƙarfen da ya riga ya lanƙwashe aka gasa shi da wutar walda aka miƙe, ya rasa ƙwarin da aka gina shi da shi, ba zai sake yin wannan aiki yadda ya kamata ba. Jakar iska kuma sau ɗaya take aiki. Da yake sabuwa na da tsada, wasu sukan liƙe murfin sitiyari kawai ba komai a ciki. Gwajin farko mai sauƙi ne: in an murɗa makulli, fitilar jakar iska ta kama na 'yan daƙiƙoƙi sa'an nan ta mutu. In ba ta kama ba sam, wataƙila an kashe ta da gangan. Motar da ke ɗaukar mutum shida ko bakwai a hanyar Kano zuwa Daura ba wurin yin caca da wannan ba ne.

Ruwa

Motar da ambaliya ta ci ita ce mai kyan ɗan maciji. Jikinta sumul, fentinta na asali, ba ko ƙwarzane. Bayan guguwar Harvey ta 2017 a Teksas, NICB ta ƙirga motoci masu inshora fiye da 422,000 da suka lalace, Irma kuma ta ƙara fiye da 215,000 a Fulorida a shekarar. Irin waɗannan motoci filin gwanjo suke nufa, kuma masu saye daga ƙetare na cikin masu tayi.

Ruwa, musamman na gishiri, yana ɗaukar lantarki, don haka yana hanzarta cin ƙarfe. Motar zamani kuwa cike take da wayoyi da mahaɗansu na tagulla da ƙananan kwamfutoci, wasu a ƙarƙashin kujera da darduma. Laimar da ta shige cikin mahaɗin waya takan yi ta ci a hankali, sai bayan watanni giya ta fara shiga da kanta, gilashi ya ƙi sauka, ƙwaƙwalwar motar ta rikice, mai gyaran waya ya gyara nan can ya ɓalle. In kuma an tayar da inji da ruwa a cikin silinda, to ruwa ba ya matsuwa kamar iska, sai sandar fistin ta lanƙwashe. Bushewar hunturun Kano tana taimakon mai ha'inci, domin warin rima yakan kwanta, sai damina ta tashe shi.

Rahoto yakan rubuta Flood a fili, amma ba kullum ba. Motar da ba ta da cikakken inshora ba wanda zai kai rahotonta. Akwai kuma wankin takarda, inda ake kai motar wata jiha mai sassaucin doka a sake mata rajista hatimin ya ɓace. Don toshe wannan kafa aka kafa NMVTIS. Saboda haka mai karatu ya haɗa wuri da lokaci da kansa. Motar da ke da rajistar Houston, aka kai ta gwanjo a Oktoban 2017, ta cancanci tuhuma ko da rahoton bai ce komai ba. Sai a ɗaga darduma, a leƙa ramin safayar taya, a jawo bel ɗin kujera har ƙarshe a nemi tabon laka, a dubi ƙusoshin ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa, da mahaɗan waya ko sun yi kore.

Maleji, sata, da takin zamani

Karatun maleji a rahoto ba ya bukatar Turanci mai yawa. Jerin kwanaki ne da alƙaluma, kuma alƙaluman hawa kawai suke yi. In an rubuta mil 168,000 a 2019, yau kuma maleji na nuna 92,000, an juya shi. A tuna mil ɗaya kilomita 1.6 ne, don haka mil 168,000 sun kusa kilomita 270,000. Motar Amurka takan ci kimanin mil 11,000 zuwa 12,000 a shekara, saboda haka 'yar shekara goma sha biyar mai mil 60,000 abar bincike ce. Malejin lantarki bai hana ha'inci ba, ya ma sauƙaƙa shi, tunda na'ura ake jonawa. NHTSA ta ƙiyasta cewa a Amurka kanta ana sayar da motoci fiye da 450,000 a shekara da malejin ƙarya. Inda aka ga kalmar Exempt, ma'anarta motar ta tsufa har doka ta daina neman a bayyana malejinta wajen sayarwa: shekara goma ga motocin 2010 zuwa baya, shekara ashirin ga na 2011 zuwa gaba. Galibin motocin da ke isowa ƙauye na rukunin farko ne.

Batun sata ya fi rikitarwa, domin ɓarayi sun iya ɗauko lambar wata halattacciyar mota mai kama da wadda suka sata su liƙa mata. Lissafin gurbi na 9 zai fito daidai, rahoto ma ya fito tsaf, tunda tarihin wata motar ake karantawa. Abin da ke tona su shi ne saɓani: launi ko girman inji ya bambanta, ko lambar gilashi ta saɓa wa ta ƙarfe, ko rahoton ya nuna an yi wa motar juyen mai a Toronto a watan da take ajiye a Kano. Ba tatsuniya ba ce. A Mayun 2024 hukumar 'yan sandan duniya, Interpol, ta ce an gano motocin Kanada na sata fiye da 1,500 a sassan duniya cikin 'yan watanni, a Satumban shekarar kuma hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka ƙwato a Nijeriya. Wanda aka karɓe mota daga hannunsa sai ya bi sawun kuɗinsa, in ya samu.

Wani abin da manomi zai yi mamaki shi ne sinadarin amoniyam naitiret, wanda aka sani a harkar takin zamani, shi kamfanin Takata ya yi amfani da shi wajen hura jakunkunan iska. Zafi da laima na shekaru suna lalata shi, sai ya fashe da ƙarfin da ya wuce kima ya watsa gutsattsarin ƙarfe a fuskar mutum. An yi kiran a maido da kimanin miliyan 67 a Amurka, kuma Corolla ta 2003 zuwa 2008 da Honda Accord ta 2001 zuwa 2007 na cikin waɗanda abin ya shafa. Shafin NHTSA zai nuna ko an sauya ta wannan motar kafin ta baro can.

Inda takarda ke yin shiru

Duk abin da aka faɗa ya fi shafar motocin Amurka da Kanada. Motocin Turai, waɗanda su ne akasarin na haya a karkara, tarihinsu a warwatse yake ƙasa ƙasa. Abin dariya, Beljiyam ɗin da aka ara sunanta tana cikin masu tsari mafi tsauri: dokar 2004 ta kafa Car-Pass, wanda ya fara aiki a Disamban 2006, inda kowane gareji da wurin gwajin mota ke aika maleji, kuma dole a ba mai saye takardar. Amma motar da aka kwaso daga wata ƙasa aka bi da ita ta Antwerp kawai ba ta cikin wannan rumbu. Majalisar Tarayyar Turai ta bayyana a 2018 cewa kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na tsofaffin motocin da ake sayarwa daga wata ƙasar Turai zuwa wata an taɓa malejinsu. In haka ne tsakanin maƙwabta, mai karatu ya auna na wadda ta ƙetare teku. A nan abin dogaro shi ne littafin sabis mai hatimi in ya biyo motar, da takardun gwajin lafiyarta, da 'yar takardar juyen mai da akan manta a ɗakin inji ko gefen ƙofa, mai ɗauke da kilomita da kwanan wata.

Ko a motar Amurka, abin da aka kai rahoto kawai ake rubutawa. Wanda ya buge motarsa ya gyara da aljihunsa bai bar sawu ba. Sa'an nan layin ƙarshe na rahoton yawanci shi ne na gwanjo ko na fitar da motar daga ƙasar. Daga nan alƙalami ya bushe. Ko an sauya mata inji a Legas, ko an cire tukunyar tace hayaƙi da makanikai ke kira indomi saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta, ko ta yi shekara uku tana haya a Ibadan aka yi mata fenti aka dawo da ita layin 'yan Beljiyam, rahoton bai sani ba. Tazarar da ke tsakanin ranar layin ƙarshe da ranar ciniki ita ce tambayar da dila ya kamata ya amsa. Takardar kwastan na taimakawa a nan, domin tana ɗauke da ranar shigowa, kuma tun 2022 hukumar ta koma ƙiyasta harajin mota bisa lambar VIN. Lambar da ke takardar kwastan tilas ta zo ɗaya da ta jikin motar, gurbi da gurbi.

Sauran aikin na bakanike ne, wanda mai saye ya zo da shi, ba wanda dila ya kira ba. Ƙaramin maganaɗisu da aka naɗe a tsumma zai kama ƙarfe ya saki inda aka cike da foti. Na'urar da ake jonawa a ƙasan sitiyari, wadda kowace motar Amurka ke da mahaɗinta tun 1996, tana karanto lahanin da ƙwaƙwalwar motar ta adana, a motocin baya-bayan nan ma har da lambar VIN da aka sa mata a masana'anta, wadda ta fi ta gilashi wuyar sauyawa. Alƙaluma huɗu na ƙarshe a lambar DOT ta gefen taya suna faɗin mako da shekara: 2318 na nufin mako na 23 a 2018. A tayar da injin da safe kafin ya yi zafi, a kuma hau motar a kan burji, ba kwalta kaɗai ba, tunda can za ta yi rayuwarta.

In ciniki ya faɗa, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu kamar yadda ake yi wa gona. A sa lambar nan mai gurbi 17 cikakkiya, da abin da maleji ya nuna a ranar, da abin da mai sayarwa ya faɗa game da haɗari da ruwa da kwastan, shi da dillali su sa hannu. Mai saye ya ajiye kwafin rahoton tare da takardun motar, domin ranar da zai sayar da ita wani ma zai tambaya.